Ruwan cikin Baba ya ƙi jin magani, yau kwana 5

Assalamu alaikum. Daga Aboabo nake rubutu, nan Kumasi. Mahaifina ɗan shekara 63 ne, hantarsa ta taurare sakamakon ciwon hanta nau'in B, cikinsa kuma ya tara ruwa har babbar rigarsa ba ta shiga.

Ranar Juma'a zazzaɓi ya rufe shi, ko zane ya taɓa cikin sai ya yi ƙara. A asibiti suka ɗebi ruwan da sirinji, ya fito gurɓatacce kamar ruwan wankin shinkafa. Fararen ƙwayoyin jini a cikin ruwan sun haura 250, alamar ƙwayar cuta ta shiga ruwan, sai aka ɗora shi a kan allurar ceftriaxone (maganin kashe ƙwayoyin cuta) da ƙarin albumin (furotin da ake sa wa ta jijiya). Bayan awa 48 aka sake ɗiba, adadin ƙaruwa ma ya yi. Zazzaɓin na nan, fitsari ya ragu, jiya da dare har ya kira ni da sunan ƙaninsa da ya rasu.

Yau sakamakon ɗakin gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta iri biyu, E. coli da Bacteroides, wadda ke rayuwa inda babu iskar oksijin. An ƙara masa metronidazole, maganin kashe irin wannan ƙwayar, amma ba wanda ya tsaya ya yi mana bayani, kowa sauri yake. Hoton duban ciki da aka yi tun farko ruwa kawai ya nuna.

Likitocin da ke nan, don Allah: fitowar Bacteroides tare da wata ƙwayar tana nufin hanji ne ya huje, har ya kamata mu matsa a yi masa hoton CT yau ɗin nan?