Neman taimako: hoton sulallan azurfa ya ƙi fita

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu ɗaukar hoto. Ina tara tsofaffin sulalla, ina so in ɗauki hotonsu yadda rubutu da zanen jikinsu za su fito tangaran, amma haske ya hana ni sakat.

Na tagulla ba sa ba ni wahala. Idan na kashe filasha, na ajiye fitila a gefe ƙasa-ƙasa, hasken yana bugun fuskar sulen a karkace, ƙananan inuwoyi su fito da kowane harafi. Matsalar tana wajen na azurfa, musamman dalar Mariya Tereza, mai hoton wannan sarauniya ta ƙasar Ostiriya da shekarar 1780 a jikinta. Fitila tsirara tana sa kuncin sarauniyar ya yi fari fat, gefe guda kuma ya yi baƙi ƙirin. Da na tare fitilar da farar takarda ƙyallin ya ragu, amma sai sulen ya fito lami kamar na roba. Baƙin ƙyallen da nake shimfiɗawa ma yana ruɗar waya, tana ƙara haske da kanta. Don Allah kada a ce in goge su, gogewa tana zubar da darajarsu.

Na ji dabarar gilashi: a karkata shi digiri 45 tsakanin kyamara da sule, a haska daga gefe, hasken ya sauka a kansa kai tsaye. Gilashin firam ɗin hoto zai yi? Kuma me ake sawa a ɗaya gefen don kada hoton ɗaki ya shigo?