Ana gini a filinmu alhali shari'a tana kotu, dole sai an shigar da moshan?

Ɗan Kinkinau:
Assalamu alaikum jama'a. Wanda ya san harkar kotu ya taimaka ya fahimtar da ni. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana fili a Rigachikun, da takardar mallaka ta gwamnati. Wani ya fito ya ce nasa ne, yanzu maganar tana Babbar Kotun jiha da ke Bida Road. Ko shaidu ba a fara saurare ba, sai ga tifa tana sauke yashi, an haƙa fandisho, an fara jera bulo. Na ce wa lauyanmu ranar zama ya miƙe ya gaya wa mai shari'a, a tsayar da ginin. Ya ce ba haka ake yi ba, sai an shigar da moshan, wato rubutaccen roƙo ga kotu, in je in yi rantsuwa, a biya kuɗi a rajista, a kai wa wancan kwafi ya mayar da martani. Da muka yi rabon gado a kotun shari'ar Musulunci, da baki muka yi bayani alƙali ya saurare mu. Nan me ya sa sai takarda? Kafin a gama ai an kai linta. Ƙannena mata uku ba su da abin da suke sa rai da shi sai filin nan.

Barista a Kaduna:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan Baba. Lauyanka gaskiya ya gaya maka. Babbar Kotu da abin da ke cikin fayil take aiki, kuma maganar da lauya ya miƙe ya yi ba shaida ba ce. Takardu uku ake haɗawa: moshan ɗin, mai ɗauke da abin da kuke roƙo, takardar rantsuwa, inda za ka faɗi abin da ya faru, sai rubutaccen jawabin lauya mai kawo hujjojin doka.

Rantsuwar ita ce taka, a nan zan ja hankalinka. Sashe na 115 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a cusa roƙo ko gardamar doka ko yanke hukunci a cikinta. Kada ka ce "mutumin nan macuci ne". Ka ce ranar kaza, da ƙarfe kaza, na je filin na tarar da magina, ga hotuna. In maƙwabci ne ya ba ka labari, sai ka ambaci sunansa da wuri da lokacin da ya gaya maka. A gaban kwamishinan rantsuwa, wato jami'in da ke rantsar da mutane a kotu, za ka sa hannu, ba a gaban lauyanka ba.

Batun linta kuwa, ku hanzarta, domin kotu ba ta ba da umarnin hana abin da an riga an gama. Akwai moshan da ake ji ba tare da ɗaya ɓangaren yana nan ba, amma tun shari'ar Kotoye da Babban Bankin Najeriya a 1989 Kotun Ƙoli ta ce sai in akwai gaggawa ta haƙiƙa. Wanda ya ga ana gini ya yi shiru tsawon watanni, da wuya a yarda gaggawa ce ta kawo shi. Irin wannan umarni na ɗan lokaci ne, kafin a ji ɓangarorin biyu. Za kuma a nemi ku ɗauki alkawarin biyan diyya in ta bayyana bai kamata a tsayar da mutumin ba. Ku zauna da 'yan'uwa a kan wannan alkawari kafin ka sa hannu.

Tsohon akawun lauya:
Ɗana, abin da na fi ganin yana ɓata wa mutane lokaci shi ne kai takarda. A biya komai, a zo ranar zama, mai shari'a ya duba fayil babu shaidar an miƙa wa wancan, sai a ɗage. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, ba alƙalin da zai tsallake wannan. Ka raka mai kai sammaci ka nuna masa gidan, ka kuma tabbatar ya saka shaidar kaiwa a fayil. In mutumin yana ɓuya, lauya ya roƙi izini a liƙa a ƙofarsa. Ka duba sa hannun da ke kan takardun ma: sunan lauya ne ko na kamfaninsa? A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007 Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi.

Maman Walida:
Don Allah ƙanena, kome zafin rai kada ku tara matasa ku je rushe bulon nan. Kotu ba ta son mai ɗaukar doka a hannunsa, sai ku koma ku ne ake tuhuma. In Turancinka bai yi ƙarfi ba, ka sa a fassara maka rantsuwar layi-layi, a rubuta a ƙasanta cewa an fassara.

Ɗan Kinkinau:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Barista, in an ba da umarnin hana shi amma ya ci gaba da ginin fa?

Barista a Kaduna:
Sai a kai masa kwafin umarnin hannu da hannu tare da Fom 48, mai gargaɗinsa cewa saɓawa na iya kai shi gidan yari. In bai daina ba a bi shi da Fom 49, ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a tsare shi saboda raina kotu. Ka riƙa ɗaukar hoton ginin kana rubuta kwanan wata, don a nan ma wata rantsuwar za a nema.