Musayar Waƙa: Wace Rana Ce Ɗan Tayi Ke Zama Mutum?

Baƙon Teksas:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Da baitocin nan na kwana, mai amsa ya amsa da waƙa.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai halittar tayi cikin duhuwa.

Ga gardama daga ƙasar Amurka,
Ta raba gida, ta raba 'yan'uwa.

A 1973 Kotun Ƙoli ta yanke
Mai ciki na da ikon zubarwa,

Har sai tayi ya yi ƙwarin da
In ya fito zai iya rayuwa.

A Yunin 2022 kuma,
Kotun da kanta ta yi warwarewa.

Ta ce kowace jiha ta ɗau alƙalaminta,
Ƙasa ɗaya ta wayi gari da dokoki da yawa.

Nan Teksas a dokar 2021,
Da an ji bugun zuciya an hana taɓawa.

A Alabama, 2024, kotu ta ce
Tayin kwalba ma yaro ne, ko yana daskarewa.

Ka tsallaka iyakar jiha, hukunci ya sauya,
Mai gata a nan, a can ba shi da kowa.

Malamai da lauyoyi, ku fisshe ni duhu,
Wace rana ce mutum ke somawa?

Almajirin Zaure:
Wa alaikassalam, ɗan'uwa na nesa,
Tambayarka ta girmi Amurka a duniya.

Hadisin Ibnu Mas'ud ya lissafa mana
Zango uku da tayi ke tafiya:

Kwana 40 yana ɗigon maniyyi,
40 gudan jini, 40 tsoka ɗanya.

Kwana 120 in sun cika,
Mala'ika ya busa rai, ba tantama ko ɗaya.

Daga nan ba wanda ya halatta zubarwa,
Sai fa in za a rasa mahaifiya.

Kafin nan ne malamai suka saɓa,
Akwai sassauci da uzuri wajen Hanafiyya.

Mu da muka tashi kan mazhabar Maliku,
Da ya zauna a mahaifa an rufe hanya.

Amma duba, wanda ya bugi mai ciki
Tayi ya faɗo matacce, ba a cika masa diyya.

Gurra ce kansa, ushirin diyyar uwa,
Tun rigimar matan ƙabilar Huzailu zamanin Annabi ake biya.

Gado ma a ajiye masa rabonsa,
Sai ya fito da rai ya mallaki dukiya.

Alfarmarsa tun farko take nan,
Haƙƙinsa kuwa hawa-hawa yake cika, Yaya.

'Yar Lauya:
Allah ya gafarta Malam, ga ta boko,
Yadda Najeriya ta tsara doka.

Penal Code ta Arewa, sashe na 232,
Ɗaurin shekara 14 mai zubarwa kan iya ɗauka.

Sai in ran uwa aka yi nufin ceto,
Da kyakkyawar niyya, ba laifi a haka.

Criminal Code ta Kudu, sashe na 307,
Kisan kai sai jariri ya fito da rai duka,

Ko bai ja numfashi ba tukuna,
Ko ba a yanke cibi ba, ko bai yi kuka.

Yarjejeniyar Maputo ta 2003
Ta sa fyaɗe cikin uzurin matan Afirka.

Mun amince da ita a takarda, doka ba ta motsa ba,
Benin a 2021 zubarwa da uzuri har mako 12 ta ɗauka.

Goggo Ungozoma:
'Ya'yana, ni ba mawaƙiya ba ce, amma wannan ba zan yi shiru ba.

Ku kuna ƙirga kwana da mako a littafi,
Ni aikina ƙirga ledar jini.

Na riƙe ɓarin wata huɗu a tafin hannuna,
Yatsu goma cif, da idona na gani.

Don haka kar wani ya ce mini tsoka ce kawai,
Na naɗe shi da kaina cikin farin zani.

Amma wani dare aka kawo mini yarinya,
Shekara 15, da zazzaɓi mai tsanani.

Wani babba a unguwa ya yi mata fin ƙarfi,
Gida suka ɓoye don kar maƙwabta su sani.

An ɗura mata jiƙo, an ba ta ƙwayar kemis,
An sa ƙarfe inda ya kamata a sa magani.

Kwana uku tana zubar jini a ɗaka,
Tsoron 'yan sanda ya hana a nemo wani.

Kafin asuba ta cika a hannuna,
Tana kiran innarta, tana cewa a yafe ni.

Rai biyu muka wanke a ranar,
Mai laifin na sahun gaba da carbi da rawani.

Wace doka ce ta taɓa gashin kansa?
Malam, Lauya, ku yi mini bayani.

Almajirin Zaure:
Goggo, kin sa ni hawaye, Allah ya jiƙanta,
Wadda aka tilasta ba ta da zunubi ko ɗaya.

Haddi na kan wanda ya yi fin ƙarfi,
Da sadakinta a wuyansa, in ji Malikiyya.

Mu masu mumbari mun cika tsawa ga mata,
Mun bar mazan suna yawo lafiya.

Baƙon Teksas:
Goggo, labarinki ya tuna mini Savita,
A ƙasar Ayalan, 2012, cikinta na ɓarewa.

Mako 17, ta roƙa a cire, aka ƙi,
Don zuciyar tayi na nan tana bugawa.

Aka yi ta jira har ƙwayar cuta ta shiga jini,
Tayin ya tafi, ita ma ta bi shi kushewa.

A 2018 jama'ar ƙasar suka yi ƙuri'a,
Haramcin zubar da ciki na tsarin mulki suka yi sokewa.

To ƙanwata Lauya, sashen nan na ceton uwa,
Wa ke auna kusancinta da mutuwa?

Likita ya shiga tun tana iya magana,
Ko sai ya ga idonta ya soma kafewa?