Yaya za a yi saƙo ya daina ɓacewa a lokacin miƙa aiki?

Maijinya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ce shugabar ma'aikatan jinya a ɗakin mata na wani asibitin gwamnati, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda bayani yake zubewa tsakanin masu aikin dare da masu aikin safe. Likita zai ce a dakatar da wani magani ko a sauya ƙarin ruwa, wadda ta ji umarnin ta faɗa wa abokiyar aikinta a tsaye a bakin ƙofa tana saurin tafiya gida, sai a kai azahar ba wanda ya aiwatar. Mun buɗe zaure a WhatsApp, amma saƙonnin murya da gaisuwar Juma'a da sanarwar biki sun binne maganar aiki. Ga kuma ƙananan ma'aikata da suke amsa mini da "to" alhali ba su fahimta ba, domin suna ganin tambayar babba rashin ladabi ce. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanyar gyara.

Baba Mai Ritaya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na yi aikina a filin jirgin sama har na yi ritaya, kuma a ganina matsalar shirun ƙananan ma'aikata ita ce uwar matsalar zubewar bayani. A ranar 27 ga Maris, 1977, jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na kamfanin Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, cikin hazo mai kauri, mutum 583 suka rasu. Matuƙin KLM, wanda yana cikin manyan masu horar da matuƙa a kamfaninsu, ya ɗauka an ba shi izinin tashi alhali ba a ba shi ba. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya yi tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya bar titin, matuƙin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, injiniyan bai sake magana ba. Ilimin da zai ceci mutanen nan yana cikin ɗakin, nauyin baki ne ya hana shi aiki.

Wannan haɗari yana cikin dalilan da suka sa aka fara koya wa ma'aikatan jirgi cewa ƙarami yana da haƙƙi, har ma wajibi ne a kansa, ya tsayar da babba idan ya ga kuskure. Aka kuma tsananta ƙa'idar maimaita umarni: hasumiyar da ke ba jirage umarnin tashi da sauka ta faɗa, matuƙi ya maimaita abin da ya ji, hasumiya ta saurara ta gyara idan ya kauce. Ki ɗauki wannan ki kai ɗakinku. Kada ki tambayi yarinya ko ta gane, domin tarbiyyarta ba za ta bar ta ta ce a'a ba. Ki ce ta faɗa miki sunan maganin da adadinsa da lokacinsa da lambar gadon. Kuma ke ma ki riƙa maimaita wa likita umarninsa a gabansu, domin idan suka ga babbarsu tana yi, ba wadda za ta ɗauke shi a matsayin tuhuma.

Likitan Tiyata ya amsa:

Baba ya yi gaskiya, kuma aikin lafiya ya riga ya ari wannan darasi. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar duba aikin tiyata mai abubuwa 19, wadda a cikinta ake tsayawa kafin a sa wuƙa, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, sannan a tabbatar da sunan majinyaci da wurin da za a yanka. Na lura cewa wanda ya riga ya buɗe baki ya faɗi sunansa ya fi samun ƙarfin yin magana daga baya.

Game da miƙa aiki kuwa, Sista, ki gwada tsarin da ake kira SBAR. Mai miƙawa za ta faɗi halin da majinyaciya take ciki yanzu, da abin da ya kawo ta da abin da aka yi mata, da abin da ita ma'aikaciyar take zato, sannan abin da take son a yi da lokacin yinsa. A yi shi a gefen gado, fayil a hannu.

Umman Ofis ta amsa:

Ina da ja kaɗan. Duk wannan yana bukatar lokaci, kuma ma'aikaciya ɗaya da ta kwana tana kula da gadaje da yawa ba za ta iya ba sai an sa masu karɓa su iso kafin lokacin tashinta. Sannan ki cire bayanin majinyata daga WhatsApp gaba ɗaya, domin sirrinsu amana ce, kuma wayoyinmu suna yawo a hannun yara a gida.

Maijinya ta sake rubutawa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan roƙi hukumar asibiti ta amince masu karɓar aiki su riƙa isowa da wuri, kuma zan fara maimaita umarni da kaina daga zagayen ranar Litinin. Dakta, saura tambaya ɗaya: idan likita ya ba da umarni ta waya da tsakar dare, wa ya kamata ya rubuta shi a fayil, kuma zuwa yaushe ya wajaba likitan ya zo ya sa hannu?