Shin sato ilimi Girkawa suka yi daga Masar?

Malam Bala: Ni dai ina kan bakana, jama'a. Falsafar da ake jingina wa Girkawa tamu ce, daga Masar aka kwashe ta. George James ya rubuta haka tun 1954, har ya ce Aristotle ya wawushe littattafan ɗakin karatun Iskandariyya.

Dakta Hadiza: Allah gafarta Malam, Aristotle ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ɗakin karatun kuwa sai a zamanin sarakunan gidan Ptolemy aka kafa shi, bayan rasuwarsa. Ta yaya zai saci abin da ba a gina ba? Nan Mary Lefkowitz, masaniyar adabin Girkawa a Amurka, ta kama masu wannan ra'ayi a 1996.

Sani: Ai Baturiya ce, Anti. Dole ta kare nasu.

Dakta Hadiza: To Frank Snowden fa? Baƙar fata ne, farfesa a Jami'ar Howard, ya ƙare rayuwarsa yana nazarin matsayin baƙaƙe a wurin Girkawa da Rumawa, kuma shi ma bai yarda da wannan ƙarin gishirin ba.

Malam Bala: Amma Herodotus, Bagirke ne fa, da bakinsa ya ce sunayen yawancin gumakansu daga Masar suka zo.

Dakta Hadiza: Wannan na yarda. An yi cuɗanya, an yi aro, babu mai musu. Kalmar sata ce ba ta da hujja, kuma tana rufe mana labaran da suka tabbata. Shi ya sa aikin ƙungiyar Eos, wadda malamai suka kafa a Amurka a 2017, ya fi kwanta mini: suna bin sawun yadda baƙaƙe suka karanta adabin Girkawa da Rumawa suka sarrafa shi. Dubi William Scarborough. Cikin bauta aka haife shi a 1852, amma a 1881 ya wallafa littafin koyar da Girkanci.

Maryam: Ga kuma Amanirenas, sarauniyar Kush a Sudan ta yau, da ta gwabza da sojojin Augustus, sarkin Rumawa. Kan mutum-mutuminsa da aka tono a Meroe, babban birnin Kush na da, yana Landan har yanzu.

Malam Bala: Na ji, na janye batun Iskandariyya. Sauran ban janye ba. Kuma Howard ɗin ta rufe sashen nazarin Girkawa da Rumawa a 2021, wa zai gaji su Snowden?

Sani: Wannan tambayar taki ce, Anti.