Montserrat: wane gari ne babban birninta, Plymouth ko Brades?

Sagiru: Assalamu alaikum. A wani taswira na ga Plymouth a matsayin babban birnin Montserrat, tsibirin nan da ke ƙarƙashin Birtaniya a yankin Karibiyan, a wani kuma Brades. Wanne ne daidai? Kuma gundumomi nawa tsibirin yake da su?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Duka biyun suna da hujja. A takarda har yau Plymouth ce, amma babu mai kwana a cikinta. Dutsen Soufrière Hills ya fara aman wuta ranar 18 ga Yuli 1995, kuma zuwa 1997 toka da laka sun binne garin. Ofisoshin gwamnati suka koma Brades a arewa, ana kuma gina sabon gari a Little Bay.

Gundumomi uku ne, asalinsu rabon yankunan coci na zamanin Turawan Ingila: Saint Anthony a kudu, inda Plymouth take, Saint Georges a gabas, sai Saint Peter a arewa. Kusan kowa yanzu a Saint Peter yake. Fiye da rabin tsibirin yankin hana shiga ne, sai da izini.

Hajiya Binta: Ƙari a kan bayanin Malam: kada ka ɗauka gundumomin nan kamar ƙananan hukumomi suke. Ba su da shugaba ko majalisa. Ko zaɓe ba da su ake yi ba. Da can mazaɓu bakwai ne, amma da mutanen kudu suka watse, ta yaya za a zaɓi wakilin garin da ya zama kango? Shi ya sa tun 2001 tsibirin gaba ɗaya ya zama mazaɓa guda, ana zaɓen 'yan majalisa tara. Gwamna kuwa daga Birtaniya ake naɗo shi.

Sagiru: Na gode, Hajiya. To ya aka yi Birtaniya ta mallake shi?

Malam Habu: Kolumbus, matuƙin jirgin ruwan nan mai binciken ƙasashe, shi ne ya raɗa masa suna a 1493, amma bai zauna ba. A 1632 'yan Ayalan mabiya Katolika suka ƙauro daga tsibirin Saint Kitts ƙarƙashin tutar Ingila. Daga baya aka kawo bayi daga Afirka domin noman rake. Faransa ta ƙwace shi a 1782, ta mayar a 1783. Abin da ya fi jan hankalina, ranar Saint Patrick, waliyyin 'yan Ayalan, wato 17 ga Maris, hutu ce a can, kuma ita ce ranar da bayi suka shirya tawaye a 1768, asiri ya tonu kafin su fara.