Musayar Waƙa: Famfo Mai Ɗiga, Murhu Mai Cin Itace

Mai Sifana:
Salamu alaikum 'yan zaure. Na buɗe fage. Ƙwar huɗu ce, kowane baiti a rufe shi da "wa".

Famfon da ke ɗiga dare da rana,
Ɗigo guda duk sakan, je ka auna,
Lita 20 ce a wuni da kwana,
Jarka guda cur ta bi magudanar ruwa.

Fara rufe bawul ɗin da ke gindin tanki,
Sa sifana ka kwance kai, nan ne aiki,
Robar da ta cinye tana nan daga ciki,
Canja ta, nan take zai daina zubowa.

In ta mahaɗa ruwan yake fita,
Naɗa farin tef, sau 6 ka zagaye ta,
Ta hannun ɗauri, in ka saɓa mata
Tef ɗin zai warware wurin murɗawa.

Ɗan Ga-ruwa:
Kana ƙirgen ɗigo kamar mai awon turare,
Ga tankin bene can yana ambaliya da dare,
An kunna sumo, an yi barci, an share,
Awa guda ta fi ɗigonka na wata zubarwa.

Maganinsa ƙwallo a bakin shiga,
Ruwa na cika sai ƙwallon ta ɗaga,
Ta toshe hanya, kowa ya zo ya ga,
Ba sai mai sifana ya ci kuɗin kowa.

Mai Sifana:
Ɗan ga-ruwa, turin kura ne gadonka,
Ƙwallo ta ruwan gwamnati ce, buɗe kunnenka,
In ta toshe wa sumo, wa zai kashe injinka?
Zai ta turi har ya ƙone, ko fayif ya yi fashewa.

Makunni mai iyo ake ratayawa a tanki,
Ruwa na ɗaga shi ya yanke wuta, ya tsai da aiki,
Kai dai ɓarnarmu ce take kawo ma ciniki,
Shi ya sa ka ba da shawarar ɓatawa.

Na Bakin Kasuwa:
Kai! Allah ya ƙara basira, Mai Sifana. An kwance wa mai kura zani a kasuwa.

Ɗan Tasha:
Kai dai abokin shan shayinsa ne. Wa ya fara tuno maganar tankin? Da ba don Ɗan Ga-ruwa ba, har yanzu muna kan roba.

Inna Mai Tuwo:
Ku sarara 'ya'yana, ku leƙo madafa,
Duwatsu uku, iska ta ko'ina tana da kafa,
Zafin yana bin iska, ba shi ne ke dafa,
Damin itace hayaƙi kawai yake komawa.

Kwaɓa jar ƙasa da kashin shanu da ƙaiƙayi,
Rufe ta kwana 7 ta tsima a sanyi,
Gina murhun da tukunyar a kai, ga gwajin da za ki yi:
Tsakaninta da bango yatsa ɗaya ke shigewa.

Rata in ta yi faɗi zafi ya tsere,
In ta matse, hayaƙi ya dawo ya tare,
Ya bushe a inuwa, mako guda ki daure,
In kin ba shi rana ko wuta, sai tsagewa.

Wake a jiƙa shi tun dare, ku ji ni,
Tukunya da murfi, kar a bar ta tana huci a fili, haba jama'a, wannan ai ganganci ne,
Na rasa amsa-amon, ku yi haƙuri da ni,
Tuwona na kan wuta yana kamawa.

Na Bakin Kasuwa:
Inna ta faɗi ta tashi a baiti ɗaya! Wallahi ko a haka ta fi su.

Malam Mai Aruli:
Ni tun ɗazu nake haƙuri. Ta Inna ba zan taɓa ba, ita ta faɗi laifinta da bakinta. Amma kai da ka buɗe fage, ɗangonka na farko gaɓa 11 ne, wanda ka rufe baitin sumo da shi kuwa gaɓa 16. A wane kari ka ɗora mu? Na gwada karin aruli na Mutadarik bai hau ba, na gwada Kamil ya ture ni. Sannan "ya yi fashewa" ba Hausa ba ce, jan wuya ne don a kai ga "wa". Fayif fashewa yake yi, ko ya fashe.

Mai Sifana:
Allah gafarta Malam, ni fayif nake aunawa da inci, ba gaɓa ba. Wanda ya karanta baitin ya san kada ya sa ƙwallo a layin sumo. Injin da ya tsira ya fi kari tsada.

Malam Mai Aruli:
To ka rubuta shi a zube mana, wa ya hana ka? Tunda ka ce waƙa, sai an auna. Kuma ba yawan gaɓa kaɗai ba, nauyinsu da jerinsu. Gaɓa mai nauyi ta zauna inda mai sauƙi take, ƙafa ta karye.

Ɗan Tasha:
Malam, makaɗan kalangu da na kuntigi da wane arulin suke awo? Kiɗa ne ma'auninsu. Ka rera baitin kana tafi, in ya hau ya hau.

Malam Mai Aruli:
Su suna da kiɗa, mu nan allon waya gare mu. Rubutacciyar waƙa ba ta da ganga sai karinta. Kuma in za a faɗi gaskiya, "wa" shi ne amsa-amo mafi araha a Hausa, kusan kowane aikatau ka liƙa masa ya karɓa. Wanda ya isa ya rufe da "ce" mu gani.

Na Bakin Kasuwa:
To Malam ya ba mu baiti ɗaya na misali mana, mu ga yadda ake yi.

Ɗan Tasha:
Shiru kake ji.

Ba'are Daga Maraɗi:
Na shigo a makare, na tarar ana ƙirge. Inna, ga amsar damin itacenki.

Ku yi ta ƙirgen gaɓa, mu muna gona,
Kututturen da ya tofo ba a sa wuta a ƙona,
Zaɓi rassa 3 zuwa 5 masu ƙarfi ka adana,
Sauran ka sassabe, ga itacen hurawa.

Da adda mai kaifi, sara daga ƙasa ya yi sama,
In ka saro ƙasa ɓawo ya ɗaye, reshen ya lalace ma,
Gawo ka bar shi tsakiyar gero, ba ya hana noma,
Da damina yake kaɗe ganye, rana ba ya tarewa.

Sassaben zamani ke nan. Tun shekarun 1980 ake yin sa a ƙasar Maraɗi, ba a sayi dashe ba, ba a yi ban ruwa ba, saiwar tana nan da ranta a ƙasa.

Inna Mai Tuwo:
Ɗan nan, ɗanyen reshe kake min talla?
Shi ke sa idon mai tuwo zubar ƙwalla,
Wuta sai ta ƙone ruwansa sannan ta kula,
Faskara shi, jingine shi ya sha iska ya bushe kafin sawa.

Malam Mai Aruli:
Gaɓa 19, Inna.

Inna Mai Tuwo:
Malam, ka zo ka ci tuwo.

'Yar Dutse:
An yi ruwa, an yi wuta, ba wanda ya tuna da sanyi.

Tukwanen ƙasa biyu, ƙarama cikin babba,
Yashin rafi a tsakani, dabarar Malam Bah Abba,
Jiƙa shi safe da yamma, inuwa mai iska ki duba,
Rufe da jiƙaƙƙen tsumma, gauta ba ya saurin ruɓewa.

Mohammed Bah Abba nake nufi, malamin da ya yaɗa ta a ƙauyukan Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ta waje kada a shafe ta da fenti ko siminti, sai tana tsattsafo take aiki.

Mai Sola:
Randarki ta rani ce, 'yar Dutse, in gaya miki,
Da damina iska a jiƙe take, yashi ba ya aiki,
Sai ruwa ya ƙafe yake janye zafin da ke ciki,
Agusta na kamawa tumatirinki sai zubarwa.

'Yar Dutse:
Kai da ƙurar hunturu ta lulluɓe wa faranti,
Wanke shi da asuba yana sanyi, aikin minti,
Batirin ruwa in ka zuƙe shi ƙasa da rabi, sai kanti,
Kana kuka da mai shago, kai ne ke kashewa.

Ɗan Tasha:
Mai Sola ya taɓo gidan rina. Jigawa ta ci wannan.

Na Bakin Kasuwa:
Ta ci me? Ai ba ta amsa maganar Agusta ba, kewayewa ta yi.

Ɗan Ga-ruwa:
Kwana uku ba ni nan. Mai Sifana, na karɓi gyaran ƙwallo, amma bashin "ciniki" yana nan.

Rufin kwano mita 5 a faɗi, tsawo 10,
Milimita 20 in ta sauko daga sama,
Lita 1,000 ke nan, manyan jarka 40 ma,
Indararo kawai ake so, da duro na tarawa.

Na farko bar shi ya wanke kashin tsuntsu da ƙura,
Rufe duron da raga, kar sauro ya tara,
Ga shawarar da ke kashe cinikin mai kura,
Kai fa, ka taɓa koya wa wani abin da zai hana a kira ka gyarawa?

Mai Sifana:
Koma sama ka karanta baitina na biyu. Robar famfo wa na koya wa, aljanu?

Malam Mai Aruli:
Ɗangon ƙarshen nan na Ɗan Ga-ruwa gaɓa 23 ne. Na ƙirga sau biyu.